Barau Dikko: Likitan farko ɗan Arewa da ya ajiye shugabancin jam'iyya ya zauna a asibiti

Duk mutumin Daura da ke da dangi a Kaduna, da wuya a ce ba a taɓa kiransa a waya an ce masa wane na kwance a Barau Dikko ba.

Haka ake faɗin sunan, kamar yadda ake cewa Kasuwar Barci ko Tashar Kawo. Mai Keke ya san wurin, mai sayar da lemo da ayaba a bakin ƙofa ya san wurin. Amma idan ka tambayi masu jinya wane ne mai sunan, kaɗan ne za su ba ka amsa. Wani zai ce tsohon gwamna ne, wani ya ce basarake.

Dokta Russell Aliyu Barau Dikko likita ne, kuma shi ne ɗan Arewacin Najeriya na farko da ya kammala karatun likitancin zamani.

Shi ne kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, ƙungiyar da daga baya ta zama NPC ta su Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Bafulatani ne, Kirista, ɗan ƙasar Zazzau.

Ya rasu a 1977. Abin da ya fi jan hankali a rayuwarsa shi ne zaɓin da ya yi a 1951, lokacin da aka ɗora masa siyasa a hannun dama, aikin asibiti a hannun hagu, aka ce ya ɗauki ɗaya.

Zariyar da ya tashi a cikinta

An haifi Barau Dikko a 1912 a ƙasar Zazzau. A wajen Fulani, Dikko suna ne da ake kiran ɗan fari da shi.

A lokacin Turawa ba su fi shekara 10 da cin Kano da Sakkwato ba. Layin dogo bai daɗe da ratsa Zariya ya isa Kano ba, makarantun boko kuwa ana iya ƙirga su da yatsun hannu. Ta Nassarawa a Kano, wadda Ɗan Hausa ya buɗe, a 1909 ta fara.

Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka suka taƙaita shigar 'yan Mishan garuruwan Musulmi. Zariya ce ta fita daban, kuma dalilin mutum ɗaya ne, Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS.

Miller na cikin ayarin da Bishop Tugwell ya jagoranta zuwa Kano a 1900, wanda Sarkin Kano Alu ya sallama ba tare da ya bar su sun zauna ba. A 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar ƙaramar makaranta. Ya iya Hausa sosai, kuma shi ne ginshiƙin fassarar Baibul zuwa Hausa da aka buga a 1932.

A cikin wannan 'yar ƙaramar al'umma Dikko ya tashi, a makarantarta ya fara karatu. Wajen 1929 aka tashi Mishan ɗin daga cikin birni aka mayar da shi Wusasa, bayan gari, inda har yau cocin St. Bartholomew da aka gina da ƙasa da asibitin St. Luke suke.

Al'ummar ta san zafin annoba tun da wuri. Ƙauyen Gimi, wanda Kiristocin farko na yankin suka kafa, ciwon barci ne ya watsa shi, waɗanda suka tsira suka komo Zariya. Yaron da ya girma a cikinsu ya ga likita da idonsa, ya kuma ji labarin abin da rashin magani ke yi wa gari.

Wusasa ƙaramin wuri ne, amma ta fitar da manya. A nan Janar Yakubu Gowon ya girma, haka Farfesa Ishaya Audu da Farfesa Adamu Baikie. Dikko shi ne yayan wannan jerin.

Daga Legas zuwa Ingila

Babbar makarantar Arewa a wancan zamani ita ce Kwalejin Katsina, wadda ta fara a 1921. An kafa ta ne don horar da malamai Musulmi da za su koyar a makarantun larduna, kuma ita ce ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam.

Hanyar Dikko ta bi wani wajen. Ya tafi King's College da ke Legas, makarantar gwamnati da aka kafa a 1909 a kan tsarin manyan makarantun Ingila, mai ba da ƙarfi ga kimiyya da Turanci da wasanni irin su kurket. Ɗan Arewa a can a lokacin baƙo ne na gaske.

Daga nan ya wuce Jami'ar Birmingham a Ingila. Tafiyar ba irin ta yau ba ce. Matafiyi kan hau jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Legas, sannan ya shiga jirgin ruwa ya yi kusan mako 2 a teku kafin ya sauka a Liverpool. Wasiƙa ce kawai ke haɗa shi da gida.

Ya kammala karatun likita a ƙarshen shekarun 1930. Kafin a gane girman wannan, sai an waiwayi Kudu. Tun a shekarun 1870 Dokta Nathaniel King ya kammala karatu a Edinburgh ya dawo Legas yana duba marasa lafiya. A 1938 ma Legas ta samu likita mace, Dokta Elizabeth Abimbola Awoliyi.

Wato sai da Kudu ta yi fiye da shekara 60 da samun likitanta na farko kafin Arewa, mai faɗin ƙasa da yawan jama'a, ta samu nata guda ɗaya.

Arewar da ya dawo ya tarar

A 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Dikko ya kama aikin gwamnati a matsayin ƙaramin likita.

Tsarin da ya shiga ba a gina shi don irinsa ba. Tun 1902 Turawa suka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, suka keɓe shi ga Turawa zalla. Likita baƙar fata, ko da a jami'a ɗaya suka yi karatu da Bature, a wani mataki na ƙasa ake ajiye shi, albashinsa ma bai kai na Baturen ba.

Ga kuma aiki jibge. Manyan asibitoci na manyan garuruwa ne kawai. Mutumin ƙauye, idan ya yi sa'a, ɗakin shan magani na En'e yake samu, inda disfensa ɗaya ke wanke gyambo, ya ba da maganin tari, ya yi allura. Mafi yawan jama'a wanzami da ungozoma da mai maganin gargajiya suka sani.

Cututtukan zamanin kuwa ba su da sauƙi. Sanƙarau kan sauko da bazara ya share gidaje. Agana na kashewa, wanda ya tashi ta bar masa zane a fuska ko ta makantar da shi. Kurkunu na kwantar da manomi daidai lokacin da ya kamata ya kasance a gona.

Kuturta ta yi yawan da aka keɓe mata sansanoni, kamar Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato.

Ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa ya addabi ƙasar Zazzau, har sai da gwamnati ta share dazukan bakin rafuka a yankin Anchau, ta tayar da ƙauyuka, ta gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

Akwai kuma matsalar yarda. Mutane da yawa na gudun asibiti, suna ganin wurin Nasara ne da ba a zuwa sai ciwo ya ci ƙarfin kowa. Likitan Bature da tafinta yake aiki, shi kuwa ciwo ba kowane ake iya faɗa ta bakin wani ba.

A nan amfanin Dikko ya fito. Tsohuwa za ta iya gaya masa inda ke yi mata ciwo da Hausarta, ya gane abin da take nufi, har da wanda kunya ta hana ta ƙarasawa.

Ya daɗe yana kusan shi kaɗai a wannan fage. Sai a shekarun 1950 aka fara ganin irin su Umaru Shehu na Borno da Ishaya Audu sun kammala nasu karatun.

Yadda ya zama shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa

Bayan yaƙi, iskar siyasa ta fara kaɗawa. Kudu na da NCNC tun 1944, tana da jaridu da lauyoyi. 'Yan bokon Arewa, waɗanda yawancinsu malaman makaranta ne da akawuna da ma'aikatan En'e, suka fara tsoron kada 'yancin kai ya zo ya same su ba shiri.

A ƙarshen 1948 aka yi taruka 2 kusan lokaci guda. Ɗaya a Zariya, wanda Dokta Dikko ke kan gaba, ɗaya a Kaduna a ƙarƙashin D.A. Rafih, wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Da suka ga manufarsu ɗaya ce sai suka haɗe.

A watan Yunin 1949 aka yi babban taron ƙaddamarwa a Kaduna, aka zaɓi Dikko shugaba. Cikin waɗanda suka yi tafiyar da shi akwai Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Yusuf Maitama Sule.

Mafi yawan mahalarta Musulmi ne, wasunsu ma malaman addini ne masu zurfin karatu. Duk da haka suka ɗora Kirista a kan kujerar. A ganinsu shi ne mafi zurfin ilimin boko a cikinsu, kuma mutum ne da Bature ba zai iya rainawa ba. Abin da suke buƙata a lokacin ke nan.

Ƙungiyar ta ce ita ta al'adu da wayar da kai ce, kuma abokan gabanta 3 ne, jahilci da lalaci da zalunci.

Riƙe ta bai zo da sauƙi ba. Sarakuna da Turawan mulki na kallonta da shakku, don haka shugabanninta suka riƙa nanata cewa ba su zo ƙwace ikon sarakuna ba, taimaka musu suka zo yi. A ɗaya gefen kuma matasa masu zafin ra'ayi na ganin ana lallaɓa tsarin da ya kamata a rusa.

A ranar 8 ga Agustan 1950 aka kafa NEPU a Kano. Bayan taron Jos na ƙarshen wannan shekara, masu ra'ayin sauyi suka kama gabansu, Aminu Kano ya zama jagoransu.

Zaɓin 1951

Tsarin mulkin Macpherson ya kawo zaɓe a 1951. A zagayen farko NEPU ta ba da mamaki a wasu garuruwa, abin da ya tayar da hankalin sarakuna da manyan ma'aikatan En'e. Suna buƙatar jam'iyya cikin gaggawa, ga kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa da rassanta a shirye.

A watan Oktoban 1951 aka ayyana ta a matsayin jam'iyyar siyasa, NPC. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shigo.

Sai dai dokar aikin gwamnati ta hana ma'aikaci shiga jam'iyyar siyasa. Dikko likitan gwamnati ne. Ko dai ya ajiye aiki ya ci gaba da shugabanci, ko ya sauka ya zauna a asibiti.

Ya sauka.

Abin da ya bari ba ƙarami ba ne. Cikin shekara 3 Ahmadu Bello ya zama shugaban jam'iyyar kuma Firimiyan Jihar Arewa. A 1957 Tafawa Ɓalewa ya zama Firaministan Najeriya. Jam'iyyar da Dikko ya raina tun tana jaririya ita ce ta karɓi mulkin ƙasa a 1960.

Amma idan aka dubi lissafin wancan lokaci, zaɓin nasa na da ma'ana. Masu iya hawa mumbarin siyasa suna da yawa a Arewa. Wanda zai iya duba mara lafiya ya rubuta magani, ɗan ƙasa, da ƙyar a cika yatsun hannu ɗaya. Da ya tafi, ba a da wanda zai maye gurbinsa.

Shekarun ma'aikatar lafiya

Bayan shekara 13 yana aiki, a 1953 aka ɗaga shi zuwa babban likita. A 1957 ya zama babban jami'i a sashen yaƙi da cututtukan da suka yi kaka-gida a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. A farkon shekarun 1960 ya kai matsayin babban sakataren ma'aikatar.

Shekarun nan su ne na manufar Sardauna ta ɗora 'yan Arewa a kan ayyukan gwamnatinsu. A fannin mulki abin ya fi sauƙi, don ana iya horar da akawu ya zama jami'i cikin ɗan lokaci. Likita kuwa sai ya yi shekara 6 ko fiye yana karatu, bayan an samu yaron da ya yi kimiyya a sakandare. Dole ma'aikatar ta ci gaba da dogaro da likitoci daga ƙasashen waje, tana kuma horar da nas-nas da ungozomomi da malaman tsafta.

A wannan zamani aka sauya yadda ake yaƙar kuturta. Da zuwan ƙwayar dapsone, sai aka buɗe ƙananan wuraren karɓar magani a ƙauyuka, mai ciwo ya zo ya sha ya koma gidansa, maimakon a raba shi da iyalinsa shekara da shekaru.

Ayarin ma'aikatan lafiya kuma na bin ƙauyuka suna gwajin ciwon barci, suna yi wa yara lamba. Dattawan da ke da tabon lamba a dantse, a Daura ko Baure ko Mai'aduwa, shaidar wannan aiki suke ɗauke da ita.

A 1967, shekarar da Dikko ya bar ma'aikatar, aka fara babban gangamin kawar da agana a Afirka ta Yamma, aka kuma buɗe tsangayar koyar da likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Najeriya. Jami'ar kuwa a hannun ƙanensa na Wusasa take a lokacin, Ishaya Audu, wanda ya shugabance ta daga 1966 zuwa 1975.

Kiran Gowon

Siyasar da ya bari ta sake nemo shi ta wata ƙofar. A ranar 27 ga Mayun 1967 Gowon ya raba Najeriya zuwa jihohi 12. Lardunan Zariya da Katsina, har da Masarautar Daura, suka zama Jihar Tsakiyar Arewa mai hedikwata a Kaduna. Wato a lokacin, Dikko da mutanen Daura 'yan jiha ɗaya ne.

A watan Yuni Gowon ya shigo da fararen hula majalisar zartarwa ta tarayya. Obafemi Awolowo ya karɓi kuɗi, Aminu Kano sadarwa, Joseph Tarka sufuri, Dikko kuma aka ba shi ma'adinai da makamashi. Tsofaffin abokan tafiyar 1949 suka sake haɗuwa a teburi ɗaya.

Ma'aikatar ba ta hutu ba ce, don man fetur a ƙarƙashinta yake, kuma wata guda bayan naɗin yaƙin basasa ya ɓarke a yankin da rijiyoyin suke. Haƙar mai da ta haura ganga 400,000 a rana a 1966 ta faɗi ƙasa da rabin haka a 1968. Zuwa 1970 ta farfaɗo ta haura ganga miliyan 1.

A cikin waɗannan shekaru aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, aka kuma fitar da dokar man fetur ta 1969, wadda ta tabbatar da cewa duk man da ke ƙarƙashin ƙasa mallakin tarayya ne. A 1971 aka kafa kamfanin mai na ƙasa, NNOC, Najeriya kuma ta shiga ƙungiyar OPEC.

Wannan kamfani ne ya koma NNPC a 1977, lokacin da ɗan Daura, marigayi Muhammadu Buhari, ke riƙe da ma'aikatar man fetur.

A garambawul ɗin 1971 aka mayar da Dikko ma'aikatar sufuri, Shettima Ali Monguno ya gaje shi. Wani abin lura, a daidai lokacin ne aka ba Aminu Kano, malamin makaranta, ma'aikatar lafiya, likitan kuma yana lura da jiragen ƙasa da tashoshin ruwa.

Abin da ya bari

Dokta Barau Dikko ya rasu a 1977 yana da kimanin shekara 65.

Asibitin da ke ɗauke da sunansa a Kaduna shi ne wanda tsofaffi ke kira Nasin Hom. A zamanin mulkin mallaka, Turawa da manyan ma'aikata aka gina wa shi. Yau talaka da mai kuɗi duk suna bin layi a cikinsa, kuma shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna, inda ɗaliban likitanci ke koyon aiki.

Arewar da ta taɓa zama da likita ɗaya tak, yau tana da makarantun likitanci a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da sauransu. Katsina na da asibitin koyarwa na tarayya. A Daura akwai babban asibiti da asibitin sojojin sama da aka buɗe a 2019 da makarantar koyon aikin lafiya.

Duk da haka, a ƙauyuka da yawa na masarautar, mai naƙuda ko yaron da zazzaɓi ya kayar sai an nemi mota ko babur an kawo shi gari kafin ya ga likita. Likitocin da aka sha wahalar horarwa kuma da dama na haɗa takardu zuwa Ingila da Saudiyya. Ba a rasa dalilansu ba, albashi da kayan aiki da tsaro duk abin dubawa ne.

Dikko ma ya ga Ingila, ya san abin da ke can, ya dawo a lokacin da Bature ke gaba da shi a albashi da matsayi don launin fata kawai. Ya yi shekara 27 a aikin lafiya na Arewa.

Akwai kuma darasin 1949. A Kadunar da daga baya ta sha rikicin addini, har unguwanni suka rabu tsakanin wannan gefen kogi da wancan, a nan ne 'yan bokon Arewa na farko, yawancinsu Musulmi, suka taru suka zaɓi Kirista ya shugabance su, don sun ga ya cancanta.

Idan Allah Ya kai ka dubiya asibitin, ko ka bi ta gabansa a Keke da ɗanka, ka nuna masa allon da ke bakin ƙofa, ka gaya masa ko wane ne mai sunan.